Wanda Ya Riga Ka Barci: Abin Koyi Daga Waken Ful Na Ingila

A ƙarshen watan Oktoba, lokacin da manomin ƙasar Hausa yake wasa lauje don girbi, mai lambu a Ingila yana kallon shekararsa ta noma tana rufewa. Ganyen itatuwa ya zube, rana takan faɗi tun kafin ƙarfe biyar na yamma, ƙasa kuma ta jiƙe sharkaf ta yi sanyi ƙalau. Duk da haka, a daidai wannan lokaci ne za a ga wasu masu lambu sun durƙusa a bakin kunya suna tura iri cikin ƙasa, zurfin santimita 5, tazarar taƙi guda tsakanin rami da rami. Baƙon da bai san dawan garin ba zai ɗauka ɓarnar iri ce kawai, domin abin da ke tafe wata huɗu ne na ɗari da duhu, wani lokaci har da dusar ƙanƙara. Amma su sun san abin da suke yi. Idan watan Afrilu ya kama, sa'ad da maƙwabtansu ke jiran abin da suka shuka ya tsiro, nasu ya riga ya kai gwiwa, ya cika da farin fure mai ɗigon baƙi, ƙamshinsa ya game lambun.

Wannan tsiro shi ne Larabawa ke kira ful, masana kimiyyar tsirrai kuma suka laƙaba masa suna Vicia faba. Dangin wake ne, sai dai ba ya yaɗo. Tsaye yake fita, kara mai kusurwa huɗu, ƙwayarsa kuwa faffaɗa ce, ta kai girman kan babban yatsa. Alhazan da suka karya kumallo a Makka ko Madina sun san shi a akushi, an dafa shi ya yi lugub an zuba masa mai, haka ma Hausawan Sudan, waɗanda a wurinsu abincin yau da kullum ne. Misirawa sukan jiƙa shi su markaɗa su soya abin da suke kira ta'amiya, wadda duk Bahaushen da ya gan ta zai ce ƙosai ne ya sake riga. Yana cikin tsofaffin amfanin gona na duniya, don an tono ƙonannun ƙwayoyinsa a yankin Galili waɗanda suka kai kimanin shekara 10,000. Abin mamaki kuma, har yau ba a gano kakansa na daji ba.

To, me yake faruwa a cikin waɗannan watanni na sanyi? Irin ful yana iya tsira ko da zafin ƙasa bai wuce digiri 5 a ma'aunin Salshiyos ba, abin da waken ƙasar Hausa ba zai taɓa yi ba. Cikin mako biyu ko uku sai ya leƙo, ya fitar da 'yan ganyaye, sa'an nan ya tsaya cik. Wanda ya dube shi a watan Janairu zai ga ɗan tsiro da bai wuce taƙi ba, wani lokaci ya kwanta da safe kamar an zuba masa ruwan zafi, zuwa hantsi kuma ya miƙe. Aikin yana ƙarƙashin ƙasa. Ƙasa ba ta saurin hucewa kamar iska, saboda haka saiwa tana ci gaba da nutsawa a hankali duk ranar da sanyi ya ɗan sassauta. A cikin ganyen ma akwai abin da ke gudana. Yayin da sanyi ke ƙaruwa sannu a hankali, tsiron yakan tara sukari da wasu sinadarai a cikin ruwan jikinsa, ya kuma sauya irin maiƙon da ke bangon ƙwayoyin halittarsa don kada su tsage. Duk mai sayar da ƙanƙara ya san cewa ledar ruwa zalla takan riga ta zoɓo mai sukari daskarewa. Wannan dabara ce tsiron ke amfani da ita, har irin nan da aka fi shukawa a lambunan Ingila, mai suna Aquadulce Claudia, yakan jure sanyin da ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifiri.

Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Da zarar rana ta fara tsawo a watan Maris, ƙasa ta ɗan yi ɗumi, tsiron da ya kwana a gona ba ya bukatar ɓata lokaci wajen kafa saiwa. Sai ya yi ta fitar da rassa daga gindi, uku ko huɗu, ya yi fure a Afrilu, a fara tsinkar ɗanyen kwansonsa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Wanda aka shuka a Maris yakan biyo baya da mako uku ko huɗu. Mako uku ba abin rainawa ba ne a ƙasar da daga Afrilu zuwa farkon Yuni lambu yakan zama fayau, kayan sanyi sun ƙare, na sabuwar shekara kuma ba su nuna ba. Mutanen Ingila na dā sun san wannan giɓi a matsayin lokacin yunwa, kamar yadda talakan ƙasar Hausa ya san tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, gero bai kai ga tumu ba.

Akwai wata riba ta biyu wadda ta fi ta farko ban sha'awa ga ɗalibin kimiyya. Babban abokin gabar ful a Turai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙwaro ne mai tsotsar ruwan tsiro, dangin waɗanda ke kawo darɓa a dawa da wake. Wannan ƙwaro yana ƙare lokacin sanyi ne a matsayin ƙwai a jikin wasu ƙananan itatuwan daji. Idan ɗumi ya zo sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, a hayayyafa, sa'an nan masu fiffike su taso a watan Mayu da Yuni suna neman ɗanyen toho mai laushi. Ful ɗin da aka shuka a Maris yana kan ganiyar laushinsa a lokacin, sai su rufe kansa baƙi ƙirin. Wanda ya kwana a gona kuwa ya riga ya ƙosa, ya ɗaura 'ya'ya, jikinsa ya yi tauri. Mai lambu yakan tsinke ɗan kan da ya rage mai laushi, kwarin su iso su tarar kasuwa ta watse.

Abin lura a nan shi ne, mai lambun bai ƙara taki ba, bai sayi maganin feshi ba, bai hau tarakta ba. Ranar shuka kawai ya sauya. Ranar shuka kuwa fasaha ce cikakkiya, tana da ƙa'idoji da dalilai da ake iya aunawa, kuma ita ce fasahar da ta fi kowace araha a harkar noma. Amma abin takaici, ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a azuzuwan kimiyyar noma. Ɗalibi yakan haddace cewa ana shuka kaza a wata kaza, ya rubuta a jarrabawa, ya ci, ba tare da an taɓa tambayarsa dalilin da ya sa tsiron ya damu da wannan wata ba. Tsiro bai san sunan wata ba. Abin da ya sani shi ne zafi, da sanyi, da tsawon dare, da danshi. Wajibi ne makarantun sakandare su koyar da waɗannan ta hanyar gwaji a lambun makaranta, kuma babu lokacin da ya fi dacewa da wannan gwaji kamar hunturu, lokacin da akasarin lambunan makarantu suke zama kango, awaki na kiwo a ciki.

Tun daga harshe ma matsalar take farawa. An saba fassara sunan lokacin da ke biyo bayan sanyin Turai da kalmar bazara, don kawai dukansu suna faɗowa tsakanin Maris da Mayu. Sai ɗalibi a Gusau ko Zinder ya karanta cewa ful yana fure a farkon bazara, ya ɗauka tsiro ne mai son zafi, tunda bazarar da ya sani ita ce lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, kare na laɓe ƙarƙashin randa. Alhali a watan Afrilu matsakaicin zafin rana a kudancin Ingila bai wuce wajen digiri 15 ba, wato bai ma kai na tsakar ranar hunturun Kano ba. Da za a kira wancan lokaci da sunan lokacin toho, da an rage wannan ruɗani. Malamin da bai tsaya ya warware wa ɗalibansa wannan ba, duk abin da ya ɗora a kai daga littattafan ƙasashen sanyi zai zauna ne a karkace.

Ta yaya tsiro yake gane lokaci? Hanya ta farko ita ce tara ɗumi. Kowane mataki na girmansa yana bukatar wani adadi na ɗumi, kamar yadda tukunya ke bukatar wani adadi na wuta kafin ta tafasa. Rana mai sanyi takan ƙara kaɗan, mai ɗumi ta ƙara da yawa. Ful ɗin Oktoba ya fara wannan tari tun da wuri, ko da kuwa da kwabo-kwabo ne. Hanya ta biyu ita ce auna tsawon yini. A shekarar 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa wani irin taba da suke nazari ba ya fure sai yini ya gajarta, suka kuma gano cewa wasu tsirrai akasin haka suke bukata. Daga baya aka fahimci cewa tsawon duhun dare ne ainihin abin da tsiron ke aunawa. Ful yana cikin masu son dogon yini. A birnin Landan yini yakan gajarta zuwa ƙasa da awa 8 a Disamba, ya miƙe har fiye da awa 16 a Yuni, saboda haka kowace safiya ta Maris da Afrilu tana ƙara tunzura tsiron ya yi fure.

Hanya ta uku ta fi ban al'ajabi, wato tuna sanyi. Wani Bajamushe mai suna Gustav Gassner ya bayyana a 1918 cewa wasu nau'o'in hatsin Turai ba sa fitar da kai a kan lokaci sai sun ɗanɗani sanyi tun suna ƙanana. Sanyin yakan bar wata alama a cikin ƙwayoyin halittar kan tsiron, alamar ta zauna har bayan sanyin ya wuce, sa'an nan ta buɗe ƙofar fure idan yini ya yi tsawo. Hikimar a fili take: tsiron da ya tsira a kaka, da zai yi fure nan take, da ɗari ya ƙone furen. A 1999 aka gano ƙwayar gadon da ke riƙe da wannan linzami a wani ɗan tsiro da masana ke yawan gwaji da shi. Dangin wake suna da tasu hanyar dabam. Shi ful bai mai da sanyi sharaɗi ba, shi ya sa na Maris ma yake fure. Sai dai a nau'o'in da aka saba shukawa kafin ɗari, sanyin yana gaggauta furen, ya sa ya fara fitowa tun daga ƙananan gaɓoɓin kara.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ilimi na ƙasashen ƙanƙara ne kaɗai. A Kano bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma dawar gargajiya, kaura ce ko farafara, tana jin wannan ɗan bambanci sarai. Wani masani mai suna Curtis, wanda ya yi aiki a Samaru ta Zariya, ya wallafa bincike a 1968 da ya nuna cewa dawar kowane yanki na Nijeriya tana fitar da kai ne dab da lokacin da ruwan yankin ya saba ɗaukewa. Ko an shuka ta da ruwan fari ko an makara, takan jira dare ya kai tsawon da take so kafin ta yi ciki. Ta haka take tsere wa ruɓewar zangarniya cikin ruwa, ta kuma tsere wa fari. Manoman da suka zaɓi wannan iri shekara da shekaru ba su san sunan Garner ba, amma aikinsu da na mai lambun Ingila ɗaya ne, wato daidaita furen tsiro da ɗan tsakanin da babu hatsari a cikinsa.

Ɗan tsakanin nan kuwa siriri ne, kuma shukar Oktoba ba ta rasa kasada. Wanda ya yi garaje ya shuka a Satumba, tsironsa zai yi tsawo ya yi laushi kafin ɗari ya sauko, iska ta karya shi ko sanyi ya dafa shi, domin ƙaramin tsiro ya fi babba juriya. Kaka mai ɗumi ma takan jawo haka. A 2022 watan Nuwamba ya zo wa Ingila da ɗumi fiye da yadda aka saba, sa'an nan farkon Disamba ya rufto da matsanancin ɗari ba tare da tsirrai sun sami damar shiryawa ba, masu lambu da dama suka wayi gari kunyoyinsu sun yi baƙi. A ƙasa mai laka wadda ruwa ke kwanciya, iri yakan ruɓe tun bai tsira ba, ɓeraye kuma suna tono shi. Akwai kuma wata cutar funfuna mai sa ganye ya yi tabo ja-ja kamar an yayyafa masa ruwan goro, wadda ta fi kama na Oktoba idan damshi ya yi yawa kuma an cusa shuka. Saboda haka masu lambu na arewacin Biritaniya, inda sanyi ya fi tsanani, da yawansu sukan haƙura har sai Maris. Su ma gaskiyarsu ce, domin ranar shuka ba aya ba ce, lissafi ne da ake yi da ƙasa da sama na kowane wuri.

Ko furen ya fito lafiya, da sauran rina a kaba. Furen ful a rufe yake kamar ƙaramin akwati, kuma ko da yake wani kaso yana ɗaura 'ya'ya da kansa, wani kason kuma sai ƙwaro ya sauka a kansa ya danna shi ya buɗe. Wanda ya fi iya wannan aiki wani ƙaton ƙudan zuma ne mai gashi a jiki, wanda ke iya tashi cikin sanyin da ƙudan zuma na amya ba ya fita. Charles Darwin ya gwada wannan a lambunsa, ya ba da labari a littafinsa na 1876: ya rufe tsiro 17 da raga, ya bar 17 a buɗe. Na rufe suka ba da ƙwaya 40, na buɗe suka ba da 135. Raga da ƙidaya kawai gwajin ya ci, abin da ɗan aji uku zai iya yi. Ga wani abin dariya kuma: wasu daga cikin waɗannan ƙudaje harshensu gajere ne, ba ya kai wa ga zaƙin da ke can ƙasan furen, sai su huda shi ta gindi su sha su tafi, ba su taɓa bununin ba balle su kai wa wani furen. Idan kuwa sanyi ya yi sauƙi har ful ya yi fure tun a Fabrairu ko farkon Maris, kafin ƙudajen su fito da yawa, furen farko yakan zube a banza.

Idan aka gangaro kudu zuwa kwarin Nilu, sai lissafin ya juye. A Masar da arewacin Sudan ana shuka ful tsakanin ƙarshen Oktoba da Nuwamba, kusan lokaci ɗaya da Ingila, amma dalilin dabam ne. Can ana shuka shi ne don ya jure sanyi. Nan kuwa don ya mori sanyin kafin ya ƙare. Ful ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 22, kuma idan zafi ya doshi 30 yana cikin fure, sai furen ya kakkaɓe. Manomin Dongola ko Shandi yana da kimanin wata huɗu, daga shuka zuwa girbi a Fabrairu ko Maris. Ya yi sauri, zafin ƙarshen kaka da ruɓewar saiwa su kashe masa tsiro. Ya makara, zafin Maris ya riski 'ya'yan ba su cika ba. A Masar akwai ƙarin wata annoba, wato wani tsiro mai maƙalewa a saiwar ful yana tsotsarta, tamkar yadda ƙuduji ke yi wa dawa, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin rage shi ita ce jinkirta shuka har ƙasa ta ƙara sanyi. Habasha kuwa, wadda ke cikin manyan masu noma ful a duniya tare da Sin, a damina take shuka shi, domin a kan tsaunukanta masu tsawon fiye da mita 2,000 damina ita ce lokaci mai sanyi da danshi. Tsiro ɗaya ke nan, kalanda uku.

Ɗalibi mai kaifin basira zai tambaya, shin me zai hana a noma ful a fadamun Kano ko Sakkwato da hunturu? Tambayar tana da kyau, amma kada a yi mata amsar ɗoki. Dongola tana kan digiri 19 arewa da tsakiyar duniya, Kano tana kan 12. A Sudan ɗin ma, noman ful ya taru ne daga Khartum zuwa arewa, domin idan aka yi kudu lokacin sanyi yakan gajarta, amfani ya ragu. Hunturun ƙasar Hausa yana da dare mai sanyi, amma rana takan kai digiri 30 ko a Janairu, kuma kafin Fabrairu ya ƙare zafi ya fara dawowa. Tudun Jos da na Mambila sun fi kama da inda ful zai sake. Wannan abu ne da kunya biyu da ma'aunin zafi za su iya ba da haske a kansa, kuma idan gwajin ya nuna furen yana zubewa, to an koyi abin da ake nema.

Akwai gargaɗin da bai kamata malami ya tsallake ba. Ƙwayar ful tana ɗauke da wasu sinadarai biyu waɗanda ba sa cutar da yawancin mutane, amma ga wanda ya gaji ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, suna iya farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa cikin yini ɗaya ko biyu, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya mutu. Kimanin mutum miliyan 400 ne ke da wannan gado a duniya, ya fi bayyana ga maza, kuma ya yawaita a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, ciki har da Afirka ta Yamma. Nau'in da ya fi yawa a Afirka bai kai na mutanen gaɓar Bahar Rum tsanani ba, amma wannan ba dalilin sakaci ba ne, kuma dafuwa ba ta kawar da sinadaran. A 2021 masana suka gano ƙwayar gadon da ke sa tsiron ya haɗa su, abin da ya sauƙaƙa fitar da iri mai ƙarancinsu. Kafin irin wannan ya wadata, ful ɗin lambun makaranta na nazari ne, kada a mai da shi abin ɗanɗano ga kowa da kowa.

Ainihin ɗan'uwan wannan labari a ƙasar Hausa shi ne alkama. A Kadawa da sauran filayen noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, masana sun daɗe suna ba da shawarar a shuka alkama daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Dalilin shi ne na manomin Shandi: a bar ta ta yi rassa cikin sanyin Disamba da Janairu, ta cika ƙwaya kafin zafin Maris. Alkamar da aka shuka a Janairu za ta yi kore shar ta faranta ran mai ita, amma idan aka sussuke sai a tarar da ƙwaya a motse. Duk taron da za a yi a kan bunƙasa noman alkama, ana zancen tan nawa na taki da injin ban ruwa nawa aka raba, ba kasafai ake tambayar ranar da kayan suka isa hannun manomi ba. Irin da ya iso bayan mako huɗu da wucewar lokacinsa, rabin darajarsa ta zube a hanya, kuma babu takin da zai mayar da sanyin da ya wuce. Jami'an da za su riƙa sa hannu a takardun rabon iri nan da shekara ashirin, yau suna zaune a azuzuwan sakandare.

Za a ce manhaja ta cika, ruwa yana wuya da rani, ga hutun Disamba yana raba zangon karatu biyu. Duk gaskiya ne. Amma gwajin da ake magana bai fi faɗin tabarma huɗu ba, ruwan alwalar masallacin makaranta ma ya ishe shi, kuma da wuya a rasa maigadi ko ɗalibin unguwa da zai riƙa zuba bokiti biyu a lokacin hutu. Batun manhaja kuwa, tsirowar iri, da barbarar fure, da tasirin yanayi a kan amfanin gona duk suna cikinta tun dā. Bambancin kawai shi ne a allo ake zana su.

Sai dai dole a haɗa gwajin da ladabin kimiyya, kuma tarihin wannan fanni yana da misali mai ɗaci. A 1927 jaridar jam'iyyar da ke mulkin Tarayyar Sobiyet ta yi ta kuranta wani matashin malamin gona mai suna Lysenko, saboda ya shuka wani dangin wake ya ƙetare lokacin sanyi a Azarbaijan. Sa'a ya taka, sanyin shekarar mai sauƙi ne, kuma abin bai ɗore ba a shekarun da suka biyo. Amma suna ya riga ya fita. Daga nan ya kama batun sanyaya iri, wanda yake da tushe na gaskiya, ya ɗora masa ƙarya, yana cewa halin da sanyi ya koya wa tsiro 'ya'yansa za su gada, har wani nau'in hatsi ya rikiɗe ya zama wani. Bai yarda da maimaita gwaji ba, bai yarda da lissafi ba, ga kuma goyon bayan Stalin. Babban masanin tsirrai Nikolai Vavilov, wanda ya ƙi bin sa, ya mutu a kurkuku a 1943, kuma a 1948 aka haramta koyar da ilimin gado na gaskiya a ƙasar baki ɗaya. Sakamakon shekara ɗaya labari ne kawai. Sai an maimaita shekara uku ko huɗu, an rubuta na daɗi da na ɗaci, kafin a kira shi hujja.

Yadda makaranta za ta yi ba shi da wahala. A ware kunya huɗu masu ƙasa iri ɗaya, a sami iri ɗaya, alkama ko ful daga masu sayar da kayan abincin Larabawa da Sudan, muddin busasshe ne ba gyararre ba. A shuka kunya ta farko ranar 1 ga Nuwamba, sauran kuma a bi su da tazarar mako uku-uku. A rataye ma'aunin zafi a inuwa, a riƙa rubuta abin da ya nuna da asuba da kuma azahar. Ɗalibai su rubuta ranar da rabin kunya ya tsira, da ranar furen farko, da yawan furen da ya zube, a ƙarshe a auna ƙwaya. A gefe guda a shuka waken gida, don a ga yadda sanyin da ke yi wa ɗaya daɗi yake daƙushe ɗayan. Littafin a ajiye shi a ofishin malami, ajin baɗi su ɗora daga inda na bana suka tsaya.

Ko da ful ɗin bai ba da ƙwaya ɗaya ba, bai tafi a banza ba, domin saiwarsa kaɗai darasi ce. Kuromosom ɗinsa guda 12 ne kacal, manya-manya, shi ya sa kan saiwarsa ya zama abin da aka fi amfani da shi wajen nuna wa ɗalibai rabuwar ƙwayar halitta a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da wannan saiwa ce Herbert Taylor ya nuna a 1957 cewa idan kuromosom ya kwafi kansa, kowane sabo yakan ɗauki rabin tsohon. Da aka kammala karanta kundin gadonsa a 2023, an tarar ya ninka na ɗan Adam kusan sau huɗu. A tumɓuke tsiro ɗaya kuma a wanke saiwar a duba ko akwai 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta, inda bakteriya ke zaune suna kamo naitirojin daga iska suna ba tsiron. Idan aka tsaga ƙulli da reza aka ga cikinsa ja-ja, yana aiki ke nan. Bakteriyar ful dabam take da ta waken gida da ta gyaɗa, saboda haka a ƙasar da ba a taɓa shuka shi ba mai yiwuwa a tarar da saiwar sumul, ba ƙulli ko ɗaya. Wannan ma a rubuta shi a littafin, tare da kwanan wata.